Wai tsadar fetur sai mai mota?

Jiya a majalisa wani dattijo ke cewa shi ba ruwansa da tsadar fetur, tunda ko mashin bai da shi, jakinsa ya ishe shi. To Baba, Allah ya ƙara girma, amma tun da Tinubu ya cire tallafi a Mayun 2023 lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, kowa ya ji a jikinsa. Injin ban ruwan masu shinkafa a fadamar Haɗejia fetur yake sha, motar da ke kai buhuna kasuwar Gujungu ma ai ba da ruwa take tafiya ba, duk kuɗin nan kan mudu ake ɗora shi. Ko jikarka ta dawo daga markaɗe, tambaye ta nawa aka caje ta.