Ranar da na kwashe Kawo zuwa Barnawa

Da ofishinmu ya tashi daga unguwar Kawo ya koma unguwar Barnawa, oga ya ce a gyara adireshi a shafukan taimakon manhajarmu, waɗanda kwastomomi ke buɗewa idan abu ya shige musu duhu. Wanda ya haɗa su da RoboHelp, manhajar haɗa shafukan taimako, tuni ya koma Abuja, ya tafi da kwamfutarsa da lasisin da fayilolin asali. Fayilolin HTML, wato shafukan intanet ɗin da RoboHelp ta fitar, kawai ya bar mana, sun fi ɗari.

Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan ai kafin shayinka ya huce ne."

Na buɗe Notepad++, manhajar gyara rubutu, na ce ya bi fayilolin gaba ɗaya, duk inda ya ga Kawo ya sa Barnawa. Akwai wani ɗan akwati na bambanta babban harafi da ƙarami. Na gan shi sarai, na wuce. Na ɗora aikin a intanet, na tafi cin masa ina jin kaina.

Bayan Azahar wata Hajiya ta bugo waya: "Ɗan nan, me ake nufi da 'ka Barnawa katinka ofis'?"

Na buɗe shafin, gumi ya karyo mini. "Idan an Barnawa wuta, ka sake kunna na'urar." "Kuɗin Barnawawa gida." Mafi muni shi ne gaisuwar shafin farko: "Allah ya Barnawa ciniki." Mahaɗan shafukan ma sun mutu, domin suna neman Barnawa.htm, shi kuwa fayil yana nan da sunansa kawo.htm, ko gezau. Na dinga danna Ctrl da Z kamar mai kiran aljani, ashe sauyin da aka yi wa fayiloli a dunƙule ba ya komawa. Kwafin ajiya kuwa, wa ya aike ni?

Kwana 3 ina bin layi ɗaya bayan ɗaya, ina tambayar kowace Barnawa: ke unguwa ce ko aikatau? Masinja ya samu abin yi, kullum sai ya leƙo: "Malam, in Barnawa maka ruwa?"

Ranar da na gama, mutumin Abuja ya ji labari, tausayi ya kama shi. Ba tare da ya faɗa wa kowa ba ya sake fitar da shafukan daga fayilolin asali, ya ɗora a kan nawa.

Da safe na buɗe. Adireshinmu: Kawo.