Zuwa Ga Masu Nazarin Maganar Allah

Salama a gare ku 'yan'uwa cikin Almasihu, musamman ku da Ubangiji ya ba ku zarafin zurfafa karatu a Littafi Mai Tsarki.

Kada wani ya raina muku aikinku. Ɗalibin da ya kwana cikin sanyin Bukuru yana fama da Ibraniyanci da Helenanci, wuta ta ɗauke ya kunna fitilar waya, aya ɗaya ta cinye masa dare, shi ma hidima yake yi. Masu cewa "Ruhu ya isa, me za a yi da karatu?" su tuna Littafin Hausa da suke wa'azi da shi gumin mutane ne. Likita Mila na Wusasa da abokan aikinsa, Turawa da 'yan ƙasa, sun yi shekaru a kansa kafin a buga cikakkensa a 1932.

Amma ku dubi Ezra 7:10. Ezra ya sa zuciyarsa ya yi nazarin Shari'ar Ubangiji, ya aikata ta, sannan ya koyar. Da yawa muna tsallake na tsakiyar. Mutum ya iya feɗe wasiƙar Romawa tun daga kai har wutsiya, amma matarsa da 'ya'yansa ba su shaida komai a halinsa ba. Yakubu 3:1 ya riga ya gargaɗe mu: masu koyarwa za a fi tsananta musu shari'a.

Sai kuma Nehemiya 8, inda na fi so mu tsaya. Jama'a sun taru a dandalin Ƙofar Ruwa, maza da mata, tun sassafe har rana tsaka. Ezra yana karantawa, Lawiyawa suna bayani har kowa ya gane. Mutane suka fashe da kuka, daga baya suka tafi suka ci suka sha, suka aika wa waɗanda ba su da shi, suna murna ƙwarai domin sun fahimci abin da aka faɗa musu. Abin da ya sa su murna ke nan: sun gane.

To malam, wa ya gane naka? Akwai wata Mama a zumuntar mata, Littafinta a cikin leda don bangon ya yage, tana bin layi da yatsa. Ta binne ɗa, ta buɗe Ayuba ta rasa inda za ta kama. Daga baikonta aka biya wa wasunku kuɗin makaranta. In ka hau bagade ka cika mata kunne da Turanci da sunayen masana, ta koma gida yadda ta zo, akwai bashinta a wuyanka.

Ku riƙa zuwa majami'un ƙauye ko ba a buga sunanku a takardar gayyata ba. Ku zauna da masu bishara da malaman makarantar Lahadi, ku ji tambayoyin da ake yi musu. Ku rubuta mana sharhi da Hausa, ko na littafi ɗaya ne, ko Markus ko Rut. Akwai fastocin da Littafi Mai Tsarki da littafin waƙoƙi kaɗai suke da su a ɗaka, kuma ran Lahadi mai zuwa ma za su tsaya gaban jama'a.