Baby Driver: fim ɗin fashi da kiɗa ke riƙe da sitiyari

Fina-finan fashin banki dai sun yi yawa har sun fara gundurar mutane, labarin kusan ɗaya ne, a tara ƴan daba, a zana taswira, a shiga a kwashe kuɗi, a ƙarshe a yi rigima wajen rabo. Baby Driver na 2017 ma idan labarin kawai za a duba bai wuce haka ba. Amma ni a ganina ya fi yawancinsu nesa ba kusa ba, kuma dalilin shi ne yadda darakta Edgar Wright, ɗan Ingila, ya yi amfani da waƙa.

Mu da muka taso da fina-finan Indiya da na Kannywood mun saba da waƙa a fim, sai dai a wajenmu idan waƙa ta zo labari tsayawa yake cak, jarumi da jaruma su canza kaya su tafi lambu, kai kuma ka tashi ka sha ruwa ka dawo ba abinda ya wuce ka. A nan ba haka ba ne. Baby, wanda Ansel Elgort ya fito a matsayinsa, yaro ne direban ƴan fashi a birnin Atlanta na Amurka, tun yana ƙarami aka yi hatsarin mota iyayensa suka rasu shi kuma aka bar shi da wani ƙara a kunne da ba ya ɗaukewa, shi ya sa kullum iyafis na kunnensa yana jin kiɗa a iPod don ya danne ƙaran. To duk abinda yake ji kai ma shi kake ji, idan aka cire masa iyafis ɗaya sai ka ji sautin ya koma gefe ɗaya.

Kalli farkon fim ɗin kawai. Yana zaune cikin jar Subaru a ƙofar banki waƙar "Bellbottoms" na tashi, waifa na kaɗawa daidai da kiɗan, da abokan suka fito a guje kuma kowane birki, kowace giya da ya canza, kowace kwana da motar ta sha duk a kan bugun ganga suke faɗawa. Can gaba ma da aka yi musayar wuta a wajen cinikin makamai ƙarar bindigogin tafiya take da waƙar "Tequila". Abin ya yi kama da filin dambe, inda makaɗi ba ado ba ne, kalangunsa ne ke zuga ɗan dambe ya kai naushi. Har akwai inda aka ɓata lokaci da gardama a mota kafin a shiga aiki, Baby ya ce a dakata ya mayar da waƙar farko tukuna, saboda lissafinsa da ita yake yi.

Kuma wannan ba a ɗakin tace fim aka liƙa shi daga baya ba. An zaɓi waƙoƙin ne tun ana rubuta labari, editan Paul Machliss yana wajen ɗauka da kwamfutarsa yana haɗawa nan take don a ga ko motsi ya hau kan kiɗa, sannan yawancin tseren motocin da gaske aka tuƙa su a titi. Shi ya sa ban yi mamaki ba da fim ɗin ya ci kyautar BAFTA ta Birtaniya a ɓangaren tace fim, ya kuma shiga takarar Oscar a ɓangare 3, biyu na sauti ɗaya na tacewa. Kuɗi ma ya yi, dala miliyan 34 aka kashe ya dawo da sama da miliyan 220.

Wani zai ce ai wannan ƙawata fashi ne, a lokacin da mutane ke kuka da ƴan bindiga me ya kai mu yabon ɓarayi. Maganar ba ta banza ba ce, amma wanda ya kalla har ƙarshe ya san ba wanda ya ci riba. Bats, ɗaya daga cikin ƴan fashin, wanda Jamie Foxx ya fito a matsayinsa, mahaukacin makashi ne, ba ka taɓa sha'awar zama shi, fashin da suka je yi a gidan waya ya watse kusan kowa ya mutu, shi kansa Baby kotu ta ɗaure shi shekara 25 duk da shaidar kirki da mutane suka yi masa, har da tsohon kurman da ya riƙe shi.

Inda zan yarda da masu suka shi ne Debora, budurwar Baby. Gaskiya ba a ba ta komai ba, daga haɗuwa a gidan abinci sai kawai ta yarda ta bi ɗan fashi uwa duniya. Haka shi ma Doc, ogan nasu, mutumin da ya yi ta yi wa yaro barazana rana ɗaya ya koma mai tausayi, wannan kam bai zauna ba.

Sai dai don Allah kar a kalle shi a fassarar da ake rage sauti mai fassara na ta zuba surutu a kai, ko a lasifikar waya cikin hayaniyar majalisa. A samu iyafis mai kyau guda biyu, hagu da dama.