Dambe da iska a hanyar Damme

Sayen motoci ya kai ni Beljiyam, ba yawon buɗe ido ba. Amma da muka gama lodi a Antwerp ran wata Talata, sai ɗan wana da ke karatu a can ya ce, "Baffa, zuwanka uku ƙasar nan, ba abin da ka sani sai garejin 'yan gwanjo. Gobe sai Damme."

Na ce to. Na kuwa ci ado: babbar riga fara ta shadda da hula zanna, don in samu hoton da zan tura wa uwargida.

Jirgin ƙasa ya sauke mu a birnin Buruj (Bruges), muka ɗauki hayar kekuna zuwa Damme, wani tsohon ƙaramin gari da ke kusa. Yaron ya ce tafiyar ba ta wuce kilomita shida zuwa bakwai ba, a bakin wata hanyar ruwa miƙaƙƙiya da aka haƙa zamanin Napoleon, da ƙarfin fursunonin yaƙi 'yan Sifaniya. Dogayen bishiyoyi sun jeru hagu da dama kamar sahun sallar Idi. Ko tudu ɗaya babu. Na ce wannan ai shan ruwa ne, ni da na yi shekara biyar ina zuwa makaranta a kan keke.

Ashe iskar ƙasar nan ba ta san girma ba. Ta shige cikin rigar nan ta cika ta fam, na koma kamar tanti. Ina taka feda da iya ƙarfina, keken yana shawarar komawa baya. Wata tsohuwa da ta kusa jika da ni ta wuce ni fiu, da burodi a kwandonta, har da ɗaga mini hannu. Da na nemi birki kuma, babu komai a hannun keken.

"Baffa, baya ake taka fedar!"

Na taka baya. Keken ya tsaya cak, ni ban tsaya ba. Kafin in tashi daga cikin ciyawa, sarƙa ta cinye gefen riga, ta yi mini zanen baƙin mai har ƙirji.

Haka dai muka iso gaban injin niƙan nan da ake ta zuzutawa, Schellemolen, fari tas, ginin 1867, mai fukafukai huɗu. Iska ce ke juya su, su kuma su juya dutsen niƙa a ciki. To wallahi ko motsi ba ya yi. An ɗaure shi, ƙofa a kulle, ba ranar buɗewarsa muka zo ba. Wato iskar da aka gina shi dominta, ni ta zaɓa ta niƙa.

Garin kansa ɗan mitsitsi ne, kafin shayi ya huce ka zagaye shi. Da can shi ne tashar jiragen ruwan Buruj, har yashi ya toshe Zwin, mashigin ruwan da ya haɗa shi da teku, kasuwa ta watse. Yanzu sai tsohon zauren majalisar gari na ƙarni na 15 da shagunan littattafai.

Na dage sai an yi hoton nan. Na tsaya gaban injin, na gyara kafaɗa. Yaron ya ce, "Ɗaya, biyu..." sai iska ta fizge hular, ta dire ta tsakiyar ruwa, agwagi suka yi mata rakiya.

Na tura hoton haka nan, kai ba hula, ƙirji duk mai. Can da dare uwargida ta amso: "Alhaji, wannan bakaniken naka ya yi kama da kai."