Mai zanen gini ma yana da iyali

Gaskiya ne abin da ake faɗa, cewa masu zanen gine-gine ba sa samun haƙƙin guminsu, mu a Maradi mun shaida. Ƙanena ya yi karatu a EAMAU, makarantar koyon zanen gine-gine da tsara birane ta Lome a ƙasar Togo, ya dawo yana raba dare a kan kwamfuta yana fitar da taswirar bene, har da lissafin ƙarfe da siminti. Wani alhaji ya karɓi zanen ya miƙa masa jaka 20, wai ai zane ne kawai. Wallahi ranar sai da na yi hawaye. Yaron da ke taya shi awon fili cikin rana kuwa, a wata ba ya ganin jaka 42 ɗin da gwamnati ta yanke a matsayin mafi ƙarancin albashi. Masu ƙawata ɗaki kam, sau da yawa da "Allah ya saka" ake sallamarsu.