Dawn of War IV na tafe, amma da wace datar za mu sauke shi?

Tun da aka nuna tallan Dawn of War IV a bikin baje kolin wasannin bidiyo na Gamescom a birnin Kolon a Jamus, cikin watan Agustan 2025, masoya wasan a ko'ina suke ta ƙirga watanni. An ce 2026 zai fito. Su can damuwarsu ɗaya ce: zai yi daɗi ne, ko zai ba da kunya kamar na uku? Mu nan lissafinmu daban ne. Ko gobe aka wayi gari aka ce ga shi ya fito, tambayar da ke gabana ita ce da wace data zan sauke shi, a kan wane sabis, da wace wuta. Wallahi kamfanin da nake sa data a wajensa ya kai ni bango, kuma yau sai na amayar da abin da ke cikina.

Wanda bai san wasan ba zai ce mene ne abin ɗoki. Wasan dabarun yaƙi ne na kwamfuta, an gina shi a kan ƙagaggiyar duniyar Warhammer 40,000 ta kamfanin Games Workshop da ke Nottingham a Ingila, inda ɗan Adam ya bazu cikin taurari kuma ba abin da ya rage masa sai yaƙi. Ba irin wanda za ka riƙe bindiga kana ta ɓarin wuta ba ne. Kai ne kwamanda. Ka kafa sansani, ka gina bariki da injinan wuta, ka tura runduna ta kame muhimman wurare a fili don abin kashewa ya ƙaru, abokin gaba ma yana can yana nasa, ba mai jiran wani. Kamfanin Relic na Kanada ne ya fitar da na farko a 2004. A 2006 aka yi wa na farkon ƙari mai suna Dark Crusade, wanda ni dai har gobe ban ga kamarsa ba. Duniyar Kronus ce aka yanka ta yanki-yanki a taswira, rundunoni 7 na rububinta, kai za ka zaɓi wanda za ka far wa yau da wanda za ka bari sai ka yi ƙarfi. Ga Orks da ihunsu da tarkacen motocinsu, ga Necrons, ƙwarangwal na ƙarfe masu tafiyar hawainiya, ka kashe su su miƙe su ci gaba da tahowa.

Na biyu ya zo a 2009, ya ajiye gina sansani ya koma kan 'yan ƙananan rundunoni. Wasu suka so, wasu suka yi tsaki. Na uku kuwa, na 2017, ya so ya haɗa hanyoyin biyu ya faranta wa kowa, sai ya tashi ba wan ba ƙanin. Ko shekara bai cika ba Relic suka sanar a farkon 2018 cewa sun daina ƙara masa komai. Daga nan shiru, shekara da shekaru. To yanzu ga na huɗu, a hannun wani kamfanin daban, King Art Games na birnin Bremen, waɗanda suka yi Iron Harvest a 2020, Deep Silver kuma ke fitarwa. Sun ce an koma Kronus. Sun ce gina sansani ya dawo. Rundunoni 4 ne: Space Marines, Orks, Necrons da Adeptus Mechanicus, waɗanda wannan ne karon farko da za a ba mu su a matsayin cikakkiyar runduna. Matakan labari sama da 70, ga kuma Last Stand, inda ku uku za ku tsaya baya da baya maƙiya na kwararowa zuga bayan zuga. Don Allah ta yaya mutum ba zai ƙosa ba?

Dark Crusade a faifai muka same shi. Ka sa a kwamfuta, ka jira ya gama shiga, shi ke nan, ba ruwanka da kowa. Yanzu zamanin faifai ya wuce a wasannin kwamfuta. Komai sai ta Steam, kasuwar wasanni ta intanet, komai sai an sauke, kuma manyan wasannin yau gigabait gommai ne, wasu har sun haura 100. Bayan ka sauke ma ba ka huta ba, don gyare-gyare za su yi ta biyo baya, kowanne da nasa nauyin.

Shi ya sa na ce bari in gwada ƙarfin layina tun kafin babban baƙo ya iso. A watan Agustan 2025 ɗin dai Relic suka sake fitar da na farkon da aka yi wa kwaskwarima, Definitive Edition, haɗe da su Dark Crusade a ciki. Na saya. Na je shagon kamfanin sadarwar na sa wa rautata, wato na'urar intanet ta gida, data ta wata guda, babba, irin wadda suke talla cewa ba ta da iyaka. Yaron da ke kan kanta har da bugun ƙirji: "Oga, wannan ko fim ɗari za ka sauke ba za ta girgiza ba." Na biya ban ko nemi ragi ba.

Da farko abin kamar gaske. Koren layin nan na Steam mai nuna tafiyar saukewa yana ta miƙewa, megabait na shigowa, har na fara tunanin rundunar da zan fara da ita. Can sai gudun ya fara raguwa. Daga megabait ya koma kilobait. Daga nan ya kwanta a sifili, ya ɗan motsa, ya sake kwantawa. Wurin da ake rubuta lokacin da ya rage ya tashi daga awanni ya koma kwanaki, har ya kai inda ya rubuta mini ƙiri-ƙiri cewa saura fiye da shekara guda. Shekara! Wato a lissafin wannan layin, na huɗun zai fito, a buga shi, a gaji da shi, ni ina nan ina jiran na 2004. Ga rauta kuwa fitilunta duk kore shar, sandunan sabis a cike, babu kunya.

Na kira lambar masu kula da abokan ciniki. Bayan na sha kiɗa har kunnena ya yi zafi, wata ta ɗauka.

"Barka da rana, Yallaɓai, me za mu taimaka maka da shi?"

Na yi mata bayani dalla-dalla.

"Yallaɓai, ka gwada kashe na'urar ka sake kunnawa?"

"Malama, na kashe na kunna har maɓallin ya fara laushi."

"To ka cire layin ka goge shi ka mayar. Kuma ka matsar da ita kusa da taga."

Su Adeptus Mechanicus ɗin nan da nake ɗokin gani, a labarin wasan su ne masu yi wa inji turare da shafe shi da mai da karanta masa surkulle kafin ya yarda ya tashi. Ashe ba sai na jira 2026 ba, ga wakiliyarsu a waya. Sai da na ɗaga murya sannan gaskiya ta fito: wai na wuce ƙa'idar amfani ta adalci, don haka an rage mini gudu har ƙarshen wata. Wace ƙa'ida? A ina aka rubuta ta? Wai tana cikin sharuɗɗa a shafinsu. A allon talla babu, a bakin yaron shago babu, a saƙon da suka turo mini na tabbatar da biya babu. An ɓoye ta can ƙasan wani shafi da ko buɗuwa ba ya yi da irin gudun da suka bar mini. Wannan ba ciniki ba ne, yaudara ce tsagwaronta. In akwai iyaka, ku faɗi iyakar da manyan baƙaƙe, in ga zan iya ko ba zan iya ba. Ba wanda ya ce ku ba mu kyauta.

"Ka yi haƙuri, Yallaɓai, za mu tura ƙorafinka." Har yau ana turawa.

Na ce to bari in koma datar dare, wadda ake sayarwa da araha daga sha biyu zuwa asuba. Nan ma wani sabon wulaƙancin ne. Duk unguwa ta san da arahar, kowa ya hau a lokaci guda, sabis ɗin ya durƙushe. Ka zauna ido biyu, sauro na cizo, kana gadin koren layi kamar mai jinya. Ƙarfe biyu a ɗauke wuta. Batirin laftof ya ɗan yi ta maza ya mutu. Asuba na yi, abin da ya rage na datar ya ƙone, ko rabi ba ka ci ba. Wannan ƙonewar ita ce ta fi ci mini rai a duk lamarin. Kuɗina ne, na biya. Ba ni na ƙi amfani da ita ba, su ne suka kasa kawo ta. Amma agogonsu na ƙwace ba ya taɓa latti ko da minti ɗaya. Sabis zai iya ɓacewa yini guda ba wanda zai ce maka sannu. Ranar ƙarewar data kuwa saƙo uku za su turo maka.

Kuma fa ba da tsohon farashi muke shan wannan ba. A watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗi har kashi 50 cikin 100, bayan su sun nemi 100, aka kuma ce ƙarin zai zo tare da ingancin sabis. Ƙarin kam ya iso gidana a kan lokaci. Ina sane da uzurorinsu: dizal ɗin turakun sabis ya yi tsada, kayan aiki da dala ake sayowa, masu aikin titi na tsinka wayoyin ƙarƙashin ƙasa, ɓarayi na kwashe batura. Duk gaskiya ne. Ranar 14 ga Maris 2024 ma da wayoyin ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Kot Dibuwa, Afirka ta Yamma kusan gaba ɗaya ta ji a jikinta, ba wanda ya zargi wani shago. Amma wayar teku ba ita ta ɓoye mini sharaɗi ba. Ba ita ta ƙona mini datar da ban ci ba. Wannan shawara ce da wasu suka zauna a ofis mai sanyi suka yanke.

Ga tsadar wasan kanta. Manyan wasanni kan fito a kan dala 60 ko kusa da haka. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 a 2024, kuma a wannan farashin wasa ɗaya sai ya tasar wa naira 90,000, alhali mafi ƙarancin albashi 70,000 ne. Mutum zai yi watanni yana tara wannan, ya haƙura da wasu abubuwan, ya biya halak malak don kada ya yi satar fasaha. Sai kuma ya tarar kuɗin sauke abin da ya saya na neman kamo kuɗin sayensa. Janareto kuwa ban ma sa shi a lissafi ba. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, wa zai kwana da inji a kunne saboda koren layi?

Na san akwai masu cewa, ƙato da kai, da gemunka, kana kuka a kan wasan yara, mutane na fama da abinci. Na ji, Baba, Allah ya ƙara girma. Amma wani ƙwallon Turai yake kallo, wani fim, ni wannan ne hutuna bayan na tashi daga aiki, kuma ban roƙi kowa ba. Sannan layin nan da ya kwanta mini, shi ne dai na ƙanwata da ke cike fom ɗin makaranta, shafi ya tsaya mata a wurin biyan kuɗi. Shi ne na mai POS na bakin layinmu, wanda ke tsaye yana ɗaga na'ura sama, an cire wa mutum kuɗi takarda ta ce ba a cire ba. Bambancin kawai shi ne mai wasa yana ganin lambobin a gabansa. Steam na nuna maka gudun da ake ba ka daƙiƙa bayan daƙiƙa, ba yadda za a yi a ce maka wayarka ce ba ta da kyau.

Ko an samu ya sauka ma, da sauran rina a kaba. Daɗin irin wannan wasa shi ne karawa da mutane, kuma a nan ƙiftawar ido ma lokaci ne. Ka ba runduna umarnin ja da baya, saƙon ya tsaya a hanya, kafin ya isa an shafe ta. A Last Stand in layinka ya yanke, mutum biyu ka bari a tsakiyar wuta, wataƙila ɗaya a Poland ɗaya a Brazil, su ba su san da wata ƙa'idar adalci ba, abin da suka sani shi ne ɗan Najeriyar nan ya gudu.

Yanzu shirin da muka yi da abokaina shi ne, ranar da ya fito kowa ya sayi nasa, mutum ɗaya ya nemi wurin da ke da intanet mai ƙarfi ya sauke, sauranmu mu bi shi da ma'ajiyar bayanai mu kwafa, tunda Steam na gane fayilolin in ka riga ka mallaki wasan. Ka ji fa. Muna biyan kuɗin data duk wata, amma a kan babur za a kawo mana Dawn of War IV. Abin da nake nema a wajen kamfanin nan bai taka kara ya karya ba: ku rubuta iyakar a jikin talla, ku daina ƙona datar da sabis ɗinku ne ya hana a ci, ranar da kuka kwanta kuma ku mayar wa mutane ranarsu. Kafin nan dai, kuɗin wancan watan da kuka karɓa kuka ba ni kilobait, ban yafe ba.