Ford ta 1932 da Fijo 504: ƙarfen da wasu ke tattali, mu muke auna wa 'yan gwangwan

A garuruwa da dama na nan Amurka, da zarar sanyi ya wuce, safiyar Asabar za ka tarar da wani filin ajiye motoci ya cika da tsofaffin motoci tun kafin ƙarfe takwas, duk an ɗage bonet. Waɗanda suka fi tara jama'a su ne ƙananan Ford na shekarun 1930, an rage wa rufinsu tsawo, gabansu ya sunkuya, tayoyin baya manya, na gaba sirara. Mai saye da gaske ba ya tsayawa kallon fenti. Ƙaramin maganaɗisu ne a hannunsa, naɗe da ƙyalle don kada ya karce jikin motar, yana bi da shi ta ƙasan ƙofa da bayan madigad. Inda ya ƙi kamawa, foti aka cusa a wurin, ƙarfen ya daɗe da ruɓewa. Daga nan sai ya durƙusa da tocila ya leƙa shasi.

Wannan sana'a ta sake fasalin tsohuwar mota da ƙara mata ƙarfin inji ita suke kira hot rod. Ra'ayina a kanta shi ne, kanikawa da masu walda na Panteka a Kaduna da na Ƙofar Ruwa a Kano sun riga sun iya fiye da rabinta, domin sauya wa mota inji da ƙera abin da babu shi a kasuwa aikinsu ne na kullum. Abu biyu ya raba mu da mutanen nan: su tsohon bodi dukiya ne a wurinsu, kuma in sun ƙara wa mota ƙarfi sai sun biya haƙƙin ƙarfin nan a birki da sitiyari da lagireto.

Asalin abin ma ba na masu kuɗi ba ne. A shekarun 1930 samarin kudancin Kalifoniya ne ke sayen tsofaffin Ford samfurin Model T da Model A da arha, su cire madigad da gilashi da duk abin da ke da nauyi, su tafi busassun tafkuna irin su Muroc da El Mirage su gwada gudu. A 1937 suka kafa ƙungiyar auna gudu ta SCTA. Yaƙin Duniya na Biyu ya sa an daina ƙera motocin farar hula a farkon 1942, shi ya sa in an ce motar kafin yaƙi, iyakarta ke nan. Da samarin suka dawo daga soja da ilmin walda da gyaran inji, harkar ta bunƙasa: mujallar Hot Rod ta fara fita a 1948, aka fara gasar gudu ta shekara-shekara a filin gishiri na Bonneville a 1949, Wally Parks ya kafa ƙungiyar tseren hot rod ta ƙasa, NHRA, a 1951.

Uwar tafiyar ita ce Ford ta 1932, wadda suke wa laƙabi da Deuce. Ita ce ta fara kawo inji mai silinda takwas a jere biyu, wato V8, cikin farashin da talaka zai iya saye: lita 3.6, ƙarfin doki 65. Akwai kufe, wato mota mai ƙofa biyu da gajeren rufi, mai taga uku, wadda ƙofofinta ke buɗewa daga gaba, da mai taga biyar, sai salun mai ƙofa biyu da suke kira Tudor da mai huɗu, Fordor. Me ya sa Ford ta cika filin nan alhali Chevrolet ma ta sayar da motoci birjik a lokacin? Katako ne dalili. Bodin Chevrolet har tsakiyar shekarun 1930 a kan firam ɗin katako ake ɗora ƙarfensa, katakon na ruɓewa ƙofofi su zube, gyaransa kuwa aikin kafinta ne mai tsada. Na Ford yawancinsa ƙarfe ne, sai tsakiyar rufi da ake rufewa da yadi mai kama da fata har zuwa 1936.

Injin Ford ɗin nan shi ake kira flathead, wato mai shafaffen kai, domin bawul ɗinsa a cikin bulok suke, gefen fistin, tofsilinda kuwa murfi ne kawai mai ramin fulogi da hanyar ruwa. Ford ta ci gaba da ƙera shi a Amurka har 1953. Yana da daɗin sauti, ƙasa-ƙasa kamar gurnani, amma yana da ciwo guda da kowa ya sani, wato zafi. Hayaƙin da ya ƙone sai ya ratsa cikin bulok, ta tsakanin ruwan sanyaya, kafin ya kai salansa, kuma silinda biyu na tsakiya a kowane gefe rami ɗaya suke tarayya a kai. Shi ya sa bulok ɗin ke yawan tsagewa tsakanin mazaunin bawul da bakin silinda. Wanda ya san aikin ba ya kashe ko dala ɗaya a kan bulok sai an wanke shi tas, an yi masa gwajin tsaga da garin ƙarfe da maganaɗisu, an kuma toshe hanyoyin ruwa an matsa iska an gani ko yana yoyo. Sannan a zazzage tsatsa da yashin da ya daskare a hanyoyin ruwan, wanda kan cika gwangwani guda.

A nan ne nake ganin babban bambanci da gida. Mu in mota ta fara zafi, abin da aka saba shi ne a cire tamostat a jefar, a haɗa fanka kai tsaye, a cika lagireto da ruwan rijiya. Masu flathead, duk da injinsu ya fi namu saurin zafi, ba sa yarda da haka. Famfon ruwa biyu gare shi, kowane gefe da nasa, kuma kowanne ana sa masa tamostat mai buɗewa a kusan digiri 71 ko 82 na ma'aunin Salshiyos. Injin da ba ya kai zafinsa na aiki yana shan mai, fetur na wanke baƙin mai daga bangon silinda, zobban fistin su cinye da wuri. Ruwan rijiya kuma yana barin farin ƙasa a bututan lagireto, yana cin tofsilindar alminiyon irin ta 504 daga ciki. In inji na zafi, su kan duba lagireto ko ya toshe, ko lokacin wuta ya yi baya, ko fanka ba ta da marufin da ke tilasta iska bi ta cikin lagireton.

Ƙara wa flathead ƙarfi yana da tsari sananne: tofsilindar alminiyon mai ƙara matsi irin ta kamfanin Edelbrock ko Offenhauser, kafireto Stromberg 97 guda biyu ko uku, sabon kamshaf, da karanshaf ɗin Mercury, wata motar kamfanin Ford, na 1949 zuwa 1953 mai bugun inci huɗu, wato tazarar hawa da saukar fistin. Kafireton nan ba ya son matsin fetur ya wuce fam biyu da rabi zuwa uku a kowane inci murabba'i. In aka sa famfon lantarki ba tare da abin rage matsi ba, fetur ya malalo a kan inji mai zafi, kuma motoci da yawa sun ƙone ta haka. Karanshaf ɗin a kan mazauni uku kacal yake juyawa, saboda haka ba injin da za a riƙa kai wa ƙurya ba ne. Wanda yake son ƙarfi da arha sai ya koma ƙaramin V8 na Chevrolet da ya fito a 1955, musamman samfurinsa mai girman inci kubik 350.

Sai birki, wanda shi ne ya fi damuna idan na tuna hanyoyinmu. Ford ba ta sa birki mai aiki da mai ba sai 1939. Kafin nan sanduna ne, daga baya wayoyi, ke jan takalman birki. Babu mai hankalin da zai ninka ƙarfin inji sau uku ya bar su. Tsohuwar hanya ita ce a ɗauko gangunan birkin 1939 zuwa 1948, na yau kuma faifai suke sawa a gaba. Tukunyar man birki dole ta zama mai ɗaki biyu, gaba daban baya daban, don in bututu ɗaya ya fashe rabin birkin ya rage. A waɗannan motoci tukunyar a ƙarƙashin daɓe take zama, ƙasa da birkin da ke jikin tayoyin ma wani lokaci, sai man ya riƙa gangarowa baya, ka taka feda ta nutse sai ka sake bugawa. Maganinsa ƙaramin bawul ne mai riƙe matsi a layin: fam 2 ga faifai, fam 10 ga ganga. In aka musanya su, faifan ya riƙa kamawa yana zafi. Fedar da ba ta da abin taimako kuma tana son tsawonta daga maƙalarta ya kai kusan ninki shida na tazarar sandar da ke tura tukunyar, in ba haka ba ƙafa ba za ta iya tsayar da motar ba. A gida an sha ɗora wa a-kori-kura inji ɗan Kwatano wanda ya fi nata na asali, a ƙara ganyen sifirin don ta ɗauki buhu fiye da ƙima, birkin kuwa yana nan yadda ya fito daga kamfani shekara talatin da suka wuce. Basirar sauya injin abin yabo ce, barin birkin kuma rayukan fasinja ne.

Gaban tsohuwar Ford aksul ɗaya ne miƙaƙƙe, da sifirin ɗaya a gicciye. Don motar ta sunkuya sai a sa aksul da aka lanƙwasa bakinsa ya sauko da inci huɗu. Ƙusar da taya ke juyawa a kanta tana buƙatar kwantawa baya da digiri 5 zuwa 7, gaban tayoyin kuma ya matso ciki da kamar milimita 3. In bushin ƙusar ya cinye ko kusurwar ta yi kaɗan, da ka taka rami sitiyari ya kama karkarwa mai tsanani, ba ta tsayawa sai ka rage gudu sosai. Shasin kuma buɗaɗɗe ne ta ciki, don haka kafin a sa babban inji sai a rufe shi da farantin ƙarfe ya zama kamar akwati, ana walda kaɗan-kaɗan ana tsallakawa daga gefe zuwa gefe, shasin na ɗaure a kan teburin ƙarfe, don zafi kada ya murɗe shi. Akwai abin da duk bakaniken Fijo zai gane nan take: farfelar Ford har 1948 a cikin bututun ƙarfe take tafiya daga giyabos zuwa aksul na baya, irin tsarin salun ɗin 404 da 504.

Rage tsawon rufi shi ne aikin da ake gane gwani da shi. Kafin zarto ya taɓa mota sai an gicciya bututan ƙarfe a cikin bodi an ɗinke su da walda, in ba haka ba da an ɗage rufin bodin ya buɗe, ƙofofi ba za su sake rufuwa daidai ba. Inci biyu zuwa huɗu aka fi cirewa. A motar 1932 ginshiƙan kusan a miƙe suke, abin da sauƙi. A ta 1940 a karkace suke, da an sauke rufin sai ya gaza, dole a tsaga shi a ƙara masa ƙarfe. Ana ɗiga walda, a daka ta da guduma a kan maƙera ta hannu, a bari ta huce, a sake. Gilasan shafaffu ne masu leda a tsakiya, suna yankuwa; gilashin da aka gasa kuwa da an taɓa shi ya tarwatse. Mutanen da da dalma suke shafe tabon walda. Na yanzu foti suke sawa, amma in kaurinsa ya wuce milimita 3 ana ɗaukarsa ha'inci ne.

Ba duk abin da ake yi a nan nake yabawa ba. Ina ganin kuskure ne a sami salun ta 1936 ko 1940 cikakkiya, da kujerunta da agogunanta na asali, a sa mata zarto, alhali ga kamfanoni irin su Brookville na buga sabon bodin 1932 na ƙarfe. Hot rod ya fi dacewa da gawar da aka tsinto a gona. Kuma salun ɗin da ake rainawa saboda ƙofa huɗu, ita ce mai ɗaukar iyali, ta fi kufe arha nesa ba kusa ba.

To mu wace ce Deuce ɗinmu? Ni dai ban ga wadda ta kai Peugeot 504 ba, da yayarta 404. Kamfanin PAN ya fara harhaɗa Fijo a Kaduna a 1975, ya ci gaba da 504 har cikin shekarun 2000, bayan Faransa ta daɗe da dainawa. A zamaninta ita ce motar ma'aikaci da ta gwamnati, wagon ɗinta ita ce ta tasha daga Kano zuwa Jos, daga Maraɗi zuwa Zinder. Yau ana saran su da gatari ana lodawa a tirela zuwa kamfanonin narka ƙarfe, kuma babu wanda zai sake buga bodin 504 kamar yadda ake buga na Ford. Mai irin wannan mota a bayan gida, ko da ba shi da kuɗin gyara yanzu, zai iya hana ta mutuwa. A ɗora ta a kan bulo tayoyi su bar ƙasa, a ƙarƙashin rumfa, ban da lulluɓe ta da leda mai riƙe raɓa. A zuƙe tsohon fetur, a cire batir, a kwance fulogi a zuba cokali guda na baƙin mai a kowace silinda, a riƙa juya injin da sifana duk wata. A cire dardumar ƙasa kafin damina, domin daga ƙarƙashinta daɓen ke fara ruɓewa. A adana takardun motar da lambar shasinta. Ranar da za a buɗe injin kuma, a tuna bututan silindar 504, waɗanda fistin ke tafiya a cikinsu, zarewa suke yi: da an ɗage tofsilinda sai a danne su da kusoshi da manyan washa kafin a juya karanshaf, in ba haka ba su motsa, abin toshewar ƙasansu ya saki, ruwa ya gangara cikin baƙin mai.